Maiƙon Fatar Ido da Dalilin Zubewar Kwalli

A ranar sallah ko ranar ɗaurin aure, 'yan mata kan fito da hantsi idanunsu rangaɗau da kwalli, layinsa siriri kamar an zana shi da alƙalami. Kafin a kira azahar, musamman a watannin bazara, sai a tarar layin nan ya buɗe, baƙin ya gangaro ƙarƙashin ido, wani kuma ya taru a cikin ninkin fatar sama. Galibi akan ɗora laifin a kan zufa, ko a ce kwallin ne marar kyau. Gaskiyar magana ita ce zufa ba ta da babban laifi, domin ruwa ba ya narkar da yawancin kayan kwalliyar ido. Abin da ke narkar da su shi ne maiƙon da jiki da kansa yake fitarwa. Sanin inda wannan maiƙo yake fitowa zai taimaka wa mai son kwalliyarta ta kai yamma, zai kuma amsa wata tambaya da ba a cika yi ba, wadda ta fi kwalliyar muhimmanci: kwallin da ya bar wurin da aka sa shi, ina yake tafiya?

Mafarin maiƙo

A cikin fatar ɗan Adam akwai wasu ƙananan jakunkuna da ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girman abu, waɗanda aikinsu shi ne tatsar maiƙo su turo shi waje ta ramin gashi. Ana iya kiransu matatsun maiƙo. Sun bazu a ko'ina a jiki in ban da tafin hannu da tafin ƙafa, amma sun fi cunkushewa a fatar kai da goshi da hanci, inda a murabba'in santimita guda akan sami ɗaruruwansu. Maiƙon da suke fitarwa haɗi ne na kitse iri-iri da wani abu mai kama da kaki, kuma amfaninsa shi ne tausasa fata da rage saurin bushewarta.

A lokacin yarinta waɗannan matatsu ba su da wani kataɓus. Da zarar an shiga balaga, sai sinadaran da ke kawo sauyin murya da fitowar gashi su zaburar da su, su ƙara girma su kuma ƙara aiki. Wannan ne ya sa fuskar ɗaliban sakandare ta fi ta ƙannensu na firamare ƙyalli, shi ne kuma tushen ƙurajen balaga. Gado ma yana da hannu a ciki, domin a aji ɗaya za a sami mai fata busasshiya kusa da wadda goshinta ke sheƙi tun kafin a fita tara. Haka nan zafi yana ƙara kwararar maiƙo a kan fata, kamar dai yadda man shanu ke daskarewa da hunturu ya kuma malale da bazara. Saboda haka kwalliyar da ta zauna daram a watan Janairu tana iya kasa kai wa azahar a watan Afrilu, alhali kayan ba su canja ba.

Ita fatar ido tana da nata halin na musamman. Ita ce mafi siranta a duk jiki, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Wani ɓangare na maiƙon da ake gani a kanta gangarowa yake yi daga goshi da gira, wani kuma daga man shafawar da aka goga da safe. Amma akwai wata majiya ta daban da ke cikin fatar idon kanta. A shekarar 1666 wani likita Bajamushe mai suna Heinrich Meibom ya bayyana wasu dogayen matatsu da ke jere a tsaye cikin fatar ido, kamar haƙoran mataji, waɗanda har yau ake kiransu da sunansa. Akan sami kimanin 30 zuwa 40 a fatar sama, 20 zuwa 30 a ta ƙasa. Bakunansu suna buɗewa ne a gefen fatar ido, a bayan layin gashin ido, daidai wurin nan mai damshi da aka saba ja wa tsinken kwalli. Duk lokacin da mutum ya ƙifta ido, sai a ɗan matse su, su saki ɗigon mai.

Man da bai kamata a yaƙa ba

Wannan mai na matatsun Meibom ba ƙazanta ba ne, kuma ba kuskuren halitta ba ne. Ƙwayar ido tana lulluɓe da wani siririn mayafi na hawaye a kowane lokaci, ko mutum na kuka ko yana dariya. Mayafin yana da majina-majina a ƙasa wadda ke manna shi da ƙwayar ido, da ruwa a tsakiya, sannan da shimfiɗar mai a sama. Shimfiɗar man nan siririya ce ƙwarai, ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba, amma ita ce ke rage ƙafewar ruwan da ke ƙarƙashinta, ta kuma hana hawaye tsallake gefen ido su zubo a kumatu. Idan bakunan matatsun suka toshe, ko man ya yi kauri ya daina gudana, sai ido ya riƙa bushewa, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi, ya riƙa jin zafi da ƙaiƙayi. Likitocin ido suna ɗaukar lalacewar aikin waɗannan matatsu a matsayin babban sanadin bushewar ido. Idan matatsa guda ta toshe gaba ɗaya, man kan taru ya zama ƙullutu mai tauri a cikin fatar ido. Idan kuma ƙwayoyin cuta suka shiga matatsar ko gindin gashin ido, sai a sami hazbiya.

Ke nan akwai maiƙo iri biyu a wuri ɗaya. Na saman fata ana iya rage shi ba tare da wata illa ba. Na gefen ido kuwa ido yana bukatarsa, kuma duk dabarar da za ta sa kwalli ya daɗe ta hanyar toshe shi, ciniki ne na asara.

Yadda mai ke cin kwalliya

Akwai wata ƙa'ida da ake koyarwa a darasin kimiyyar sinadarai, cewa abu yana narkewa ne cikin mai kama da shi. Gishiri da sukari suna narkewa a ruwa. Kaki da kitse suna narkewa a mai. Jagira da gazal da maskara da hodar fatar ido duk gininsu ɗaya ne: garin launi, kamar baƙin gawayi ko garin tsatsar ƙarfe, da kuma abin da ke riƙe garin ya manna shi a fata, wanda galibi kakin zuma ne ko kakin tsirrai ko wani mai. Idan maiƙon fata ya haɗu da wannan kaki, sai ya tausasa shi, ya mai da shi ruwa-ruwa. Garin launin da ya rasa abin riƙe shi sai ya fara zamewa. Kwallin gargajiya, wanda garin dutse ne zalla, shi ba ya narkewa a mai, amma ƙwayoyinsa suna cakuɗuwa da man su bi shi duk inda ya gangara.

Sauran aikin kuma ƙifta ido ne ke kammala shi. Mutum yakan ƙifta kimanin sau 15 a minti ɗaya. Idan aka lissafa, sau 900 ke nan a awa, sau 14,400 a cikin awa 16 da mutum yake a farke. Kowace ƙiftawa tana ninke fatar sama ta kuma buɗe ta, tana tura launin da ya riga ya jiƙe da mai zuwa cikin ninkin. Masu zurfin ido, da waɗanda fatar ƙasan girarsu ta sauko ta rufe ninkin, sun fi fama da wannan, domin fata tana gogar fata duk yini.

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan duka da kayan da ba su da tsada. A yanka takardar ƙunshi mai ruwan ƙasa gida uku, a danna ɗaya a goshi, ɗaya a kan rufaffen ido, ɗaya a tafin hannu, kowace na rabin minti, sannan a ɗaga su a haske. Ta goshi za ta nuna tabo mai sheƙi, ta ido ɗan kaɗan, ta tafin hannu kuwa ko ta jiƙe da zufa za ta bushe ba tabo. Bayan haka a ja layi biyu da jagira a kan farantin tangaran, a ɗiga ruwa a kan ɗaya, man gyaɗa a kan ɗayan, a shafa da yatsa. Layin da ya sha ruwa zai tsaya, wanda ya sha mai zai baje.

Abin da ke taimakawa

Dabarun da ke aiki duk daga wannan fahimta suka fito. Na farko dai, a fara da fata mai tsabta: a wanke fuska da sabulu marar kaifi, a ɗauraye, a bari ta bushe sarai kafin a taɓa kwalli. Wanki ba ya dakatar da matatsun maiƙo, cikin 'yan sa'o'i maiƙon zai dawo, amma yana ba kwalliyar damar kama fata kafin ya iso. Man kaɗe da basilin da sauran mayuka masu nauyi suna da amfani ga jiki, musamman da hunturu, sai dai shafa su a kan fatar ido da safe daidai yake da shimfiɗa wa kwalli santsi tun kafin a sa shi. Gara a tsaya da su a kan ƙashin kumatu.

A kantunan kayan kwalliya ana sayar da wani abin shimfiɗa da ake kira firaima, wanda ake gogawa kafin launi. Yawancinsa yana ɗauke da sinadarin silikon da ke yin siririn shinge tsakanin fata da launi, da kuma garin silika mai tsotse mai. Wadda ba ta da shi za ta iya samun kusan wannan amfani da hodar fuska 'yar kaɗan, a dangwala ta a kan rufaffen ido da soso mai tsabta, a kaɗe ragowar don kada ta faɗa ciki. Shafa siririya ta fi mai kauri daɗewa, domin abin da ya yi tudu shi ninkin fata ke fara kwashewa. Idan rana ta yi kuma fatar ta fara ƙyalli, sai a danna takarda mai laushi a ɗaga, kada a goga. Dannawa tana ɗauke man ta bar launin, gogawa kuwa tana cakuɗa su.

Kayan da aka rubuta wa cewa ruwa ba ya wanke su suna ɗauke da wani ruwa mai saurin ƙafewa wanda ke barin launin a cikin siririyar fata kamar ta roba. Suna daɗewa, amma cire su sai da mai, kuma mai yawan amfani da su kan wahalar da fatar idonta da dirza kowane dare. Akwai kuma abubuwan da ake ji ana ba da shawararsu waɗanda bai dace su kusanci ido ba ko kaɗan, irin su sifirit da ruwan lemun tsami da alif, da sunan busar da fata. Fatar da ba ta kai milimita ba ba za ta jure musu ba, kuma ɗigo ɗaya ya ishi ƙwayar ido rauni. Haka ma mayukan sauya launin fata: da yawansu na ɗauke da maganin sitiroyid, wanda idan aka daɗe ana shafa shi kewayen ido yakan ƙara sirantar da fata, yana kuma iya ɗaga matsin ruwan cikin ido har ya kai ga cutar gilakoma.

Sai batun wurin da ake jan layin. A shekarar 2015 aka buga sakamakon wani ƙaramin gwaji da Alison Ng da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Kadif ta Birtaniya, inda suka ɗauki hoton ƙwayoyin jagira suna yawo a cikin mayafin hawaye. Sun tarar idan aka ja layin a cikin gefen ido, bayan gashin ido, ƙwayoyin da ke shiga hawaye sun fi yawa kuma sun fi saurin shiga, a kan idan aka ja shi a waje. Dalilin a bayyane yake: cikin gefen nan ne bakunan matatsun Meibom suke, don haka layin yana zaune ne a kan maɓuɓɓugar mai. Layin da aka ja a wajen gashin ido ya fi daɗewa, bai kuma rufe bakin matatsa ko ɗaya ba.

Inda kwallin yake tafiya

A kusurwar ido ta wajen hanci, a kowace fata ta sama da ta ƙasa, akwai wata 'yar huda da mutum zai iya gani a madubi idan ya ɗan ja fatar. Ta nan hawaye ke tsiyayewa, su bi wani bututu su sauka cikin hanci, daga nan su wuce maƙogwaro. Shi ya sa mai kuka yake jan majina, shi ya sa kuma wanda aka ɗiga wa maganin ido yakan ji ɗacinsa a baki. Duk abin da ya shiga hawaye zai iya bin wannan hanya a haɗiye shi. Wanda ya gangaro waje kuma hannu ne ke share shi, hannu kuwa, musamman na ƙaramin yaro, ba ya daɗewa bai kai baki ba.

A nan ne tambayar abin da aka yi kwallin da shi take zama babba. Amfani da kwalli tsohuwar al'ada ce ƙwarai. Mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni sun yi ta, kuma a shekarar 1999 masana a Faransa ƙarƙashin Philippe Walter suka bincika garin da ya rage a cikin tukwanen kwalliyarsu da ke ajiye a gidan tarihi na Lubur a Paris, suka sami sinadaran darma a ciki, har da waɗanda Misirawan suka haɗa da hannunsu. Larabawa suna kiran wannan gari al-kuhl, kalmar da Turawa suka ara, ma'anarta ta yi ta sauyawa har ta zama sunan sinadarin da ke cikin barasa. A ƙasar Hausa kuwa tandun kwalli yana cikin kayan ɗakin kowace mace, maza ma suna sawa don bin sunna, ana kuma sa wa jarirai tun suna cikin zanen goyo.

Duwatsu biyu ne aka fi sani da wannan aiki, kuma a ido suna kama da juna, dukkansu toka-toka ne masu ƙyalli. Ɗaya haɗin sinadarin antimoni ne da farar wuta. Ɗayan, wanda masana ma'adinai ke kira galina, haɗin darma ne da farar wuta, kuma fiye da kashi 86 cikin 100 na nauyinsa darma ce. Galina ya fi nauyi sosai, kuma idan aka fasa shi yakan tsage gida-gida mai kusurwa huɗu kamar sukarin kwali. Ana samun sa a Nijeriya a yankin kwarin Binuwai, a wurare kamar Abakaliki da Zurak. Gwaje-gwajen da aka yi wa kwallin gargajiya na kasuwa a ƙasashe daban-daban sun sha nuna cewa da yawa daga cikinsa galina ne, ko da mai sayarwa da mai saye duk sun ɗauka ɗayan dutsen ne.

A shekarar 2012 Cibiyar Hana Yaɗuwar Cututtuka ta Amurka ta buga rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. An gwada jininsa a 2011 aka sami darma mikirogiram 13 a kowace desilita. Da aka bi diddigi, sai aka gano kwallin da ake sa masa, wanda aka kawo daga gida, kashi 82.6 cikin 100 nasa darma ce. Rahoton ya ambaci sunayen garin uku: tiro da tozali da kwalli. Domin a gane girman wannan adadi, tun daga 2021 cibiyar tana ɗaukar mikirogiram 3.5 a matsayin matakin da ya kamata a fara bincike a kan yaro, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadin darma a jini da aka san ba shi da illa. Yara ƙanana suna tsotsar darmar da suka haɗiye ninki huɗu zuwa biyar fiye da manya, kuma ɓarnar tana sauka ne a kan ƙwaƙwalwa mai tasowa: raguwar kaifin fahimta, wahalar mai da hankali, da ƙarancin jini. Mace mai ciki ma tana iya miƙa wa ɗan tayinta. Mafi yawan yaran da abin ya shafa ba sa nuna wata alama da uwa za ta gani, sai dai gwajin jini.

Arewacin Nijeriya ya ga mafi munin fuskar wannan guba a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Jihar Zamfara. Wancan bala'i daga niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da darma a cikin gidaje ya samo asali, ba daga kwalli ba, kuma yawan darmar da yaran suka haɗiya ya ninka na kwalli nesa ba kusa ba. Amma sinadarin ɗaya ne, hanyar shigarsa ma ɗaya ce, wato daga hannu zuwa baki. Shawarar likitocin yara a nan ba ta da kwana-kwana: kada a sa wa jariri ko ƙaramin yaro kwallin dutse da ba a tabbatar da abin da ke cikinsa ba, kuma yaron da aka daɗe ana sa masa ya dace a gwada jininsa. Babba mai son ci gaba da sawa zai fi samun kwanciyar hankali da wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta yi wa rajista, mai jerin sinadarai a jikin kwalinsa, tare da wanke hannu bayan an sa.

Tsinke da daren kwanciya

Tsinken kwalli ɗaya kan zagaya gida guda, daga uwa zuwa 'ya'ya har baƙi, a makarantun kwana kuma jagira ɗaya kan ishi ɗaki. Duk abin da ya taɓa gefen idon wani yana ɗauko hawayensa da abin da ke cikinsu. Ciwon idon nan da ake kira Afolo, wanda ya ɓulla a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, har aka laƙaba masa sunan, ta hannu da tawul da kayan da aka yi tarayya a kansu yake yaɗuwa. Amosanin ido ma yana bin kwantsa daga wannan ido zuwa wancan. Saboda haka kowa ya riƙe nasa tsinken, a kuma zubar da duk kayan kwalliyar da aka yi amfani da su lokacin ciwon ido. Maskara, saboda danshinta, ana son a sauya ta bayan kamar wata uku.

Da dare kuma a cire komai kafin a kwanta. A jiƙa auduga da abin cire kwalliya, a ɗora a kan rufaffen ido na ɗan lokaci domin ya narkar da kakin, sannan a share a hankali daga wajen hanci zuwa waje, a wanke da ruwa. Wadda take jin idonta na bushewa ko gefensa na yin ɓawo za ta iya ɗora tsumma mai tsabta da aka tsoma a ruwan ɗumi, wanda bayan hannu zai iya jurewa, na minti biyar zuwa goma. Ɗumin yana narkar da man da ya daskare a matatsun Meibom ya buɗe bakunansu. Idan gefen ido ya ci gaba da ja, ko gashin ido na zubewa, ko hazbiya na yawan dawowa, ko kuma akwai amosanin kai tare da ɓawon gira, to lamarin ya wuce na kwalliya, sai a je asibitin ido.